Tambaya ta Ashirin da Ɗaya

Takarda aka raba mana a aji, can Lamingo,
ranar da sanyi ya sa biro rowar tawada.
Tambayoyi ashirin da ɗaya.
Ashirin na san su kamar lungun gidanmu a Gangare:
yadda garkuwar jiki ke haddace fuskar baƙo,
irin sanyin da kwalba ke so kada ta lalace,
mako nawa ke tsakanin ta fari da ta biyu.
Ina hamma a bayan takunkumi na gama da su.

Ta ƙarshen gajeruwa ce.
"Kai, an yi maka?"

Kangyang ta ja layinta tuni,
tana sosa damtse kamar mai tuna cizon sauro.
Ni kuwa muryar Yaya Mudansir ce ta riƙe min hannu:
"Ko aure ba ka yi ba, yaro,
kada ka yi caca da zuri'a."
Daren jiya na zazzage masa karatun shekara uku,
na kayar da shi warwas, har ya ce, "To, likita."
Da na kashe wayar
hujjata ta bi iska,
tasa ta shimfiɗa tabarma a ƙirjina ta kwana.

Na bar gurbin fari fat.
Ai ba a rubuta suna.

Bayan mako uku aka tura mu sha-ka-tafi na Tudun Wada.
Farar riga, akwatin sanyi, benci ɗaya,
layin bai kai mutum goma ba.
Iya Kande, mai dankali a Farin Gada,
ta naɗe hannun riga, jar ƙasa a faratanta.
Na zuƙi ruwan, na ɗalli sirinji,
na ce, "Ba zafi, Iya."

Ta ce, "Ta ina ka sani?"

Na ce mun karanta.

"Ni ba na tallan dankalin
da ban taɓa dafawa a tukunyata ba.
Ina katinka?"

Ƙarya ta zo har bakin haƙorana,
ta tarar da idon tsohuwa, ta koma.
Takunkumi ya rufe min rabin kunya,
sauran rabin kunnuwana suka tona.

Ba ta yi faɗa ba.
Ta gusa, ta buga benci da tafin hannu:
"Zauna, ɗan nan. Ba na sauri,
kasuwa ta mutu tun bara."

Kangyang ce ta zo da auduga,
ba ta ce uffan ba, Allah Ya saka mata.
Tsoron bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya,
tare muka zauna, shi a hagu, Iya a dama,
tana riƙe da yatsuna kamar za mu tsallaka titi.

Da dare zazzaɓi ya leƙo,
na san sunansa, na san awa nawa zai yi,
duk da haka na ja bargo ina salati.
Yaya ya kira sau biyu. Gobe zan ɗauka.

Wani wuri, cikin lissafin masu bincike,
har yau ina nan a layin waɗanda ba su amsa ba.