Koren Clive

Matar Clive ta zo da kwali ranar Talata,
ruwa na zuba a Nottingham kamar an biya shi.
Ta dire shi a teburin kicin, ko kwat ba ta cire ba.
Ta ce, "Desmond, ni ban san kansu ba.
In ba ka so, sai kwandon shara."

Na buɗe. Sojoji sittin, babu wanda ya kai ɗan yatsa.
Arba'in da ɗaya sun sha fenti, sun sha ado.
Sha tara suna nan toka-toka, tsirara,
wani ba kai, wani hannunsa na cikin leda
yana jiran gam tun watan Maris.

Shekara ashirin da shida muna yaƙi, ni da shi,
kowace Alhamis, a ɗakin taro na bayan coci:
tebur mai ƙafa shida a tsawo, tudun soso, kogin shuɗin fenti,
tef ɗin awo da ƙwayoyin lido.
Ya kashe min janar ya fi sau ɗari,
kuma bayan kowace jana'iza shi ke sayen shayi.

Yanzu ga ni ƙarƙashin fitila da gilashin ƙara girma,
ina kankare kaushin roba da bakin wuƙa,
ina laƙa kai a wuya, ina hura gam ya bushe.
Hannuna na rawa.
Sai na kafa gwiwar hannu a tebur, na haɗe tafuka biyu,
na riƙe numfashi
kamar mai zura zare a allura cikin bas.

Abin da ya gagara kore ne.
Koren rigunansu babu shi a kowace kwalba.
Na haɗa da ruwan ƙasa, ya fito gansakuka.
Na ɗiga rawaya, ya koma ɗanyen tuffa.
Dare huɗu ina cakuɗawa a murfin kwalbar jam,
ina mita ni kaɗai: haba Clive!
Mutumin da ke adana rasiɗin man mota na shekara goma
ya tafi bai rubuta sirrin kore ba.

Ran Asabar jikata Imogen ta zo, shekararta tara.
Ta jera su a bakin taga, ta sunkuya, ta daɗe.
Ta ce, "Kaka, ai ba kore ɗaya ba ne."

Na sa tabarau.
Na farkon jerin duhu ne, tsaf, har maɓalli ya fito,
har ƙwayar ido tana kallonka.
Na tsakiya sun ɗan yi haske.
Na ƙarshe kuwa fenti ya haye ɗamara, ya taɓa wuya,
idanun ɗigo biyu ne, ɗaya sama, ɗaya ƙasa.
Ashe tun tuni hannunsa ya riga nawa rawa,
bai faɗa ba, ni ma ban duba ba.
Ina can ina ƙirga asarar dakaruna.

Na wanke murfin jam.
Sha takwas na shafa musu nawa koren, yadda ya zo.
Na sha tara Imogen ta ƙwace,
ta yi masa riga ruwan hoda da hula mai ruwan lemo,
ta ce shi ne mai dafa musu abinci.

Alhamis na shimfiɗa fili a teburin kicin,
nawa a dama, nasa a hagu,
ina jefa ƙwaya da hannu biyu, ban yi maguɗi ba.
Wajen ƙarfe tara mai hular lemo ya tsallake kogi,
ya tsaya inci uku daga janar ɗina.

Ƙwaya ta gangara, ta bugi kofi, ta tsaya.
Shida.

Na kwantar da janar a gefen tebur, kamar kullum.
Na tashi na ɗora butar shayi da kaina.