Girar Hagu

Shekara talatin da ɗaya ina aske kan Hammayo
a rumfata ta Herwagana, gefen masu facin taya.
Ku da Gatari kuka san shi,
na cikin kaset,
mai cinye gadon marayu yana sakace,
wanda in ya ɗaga girar hagu
gidan kallo kan yi tsit, har mai gyaɗa ta haɗiye tallarta.

Ni kuwa ƙeyarsa na sani.
Na san jijiyar da ke harbawa a bayan kunnensa,
na san yadda yake runtse ido
tun ina wasa aska.
Ran da na ɗan yanke shi, jinin bai kai ɗigon tawada ba,
sai da na yi masa fifita da kwali.
Ragon layya ma maƙwabci ke yanka masa,
shi yana can kan soro wajen tantabarunsa.

Wata Laraba a Tashar Dukku
tsohuwa mai tumatir ta janye farantinta:
"Ba na ciniki da azzalumi.
Mayar wa yaran nan gonarsu tukuna."
Ya rusuna ya ce, "Inna, zan mayar."
Ya dawo rumfa yana dariya,
irin wadda ta fi kuka ciwo.
Ranar miyar kuka aka kaɗa a gidansa.

Kada ku zaci labarin waliyyi nake ba ku.
Hannun jarirai gare shi, sisi ba ya kuɓuce masa.
Shi da ƙanensa Bakari, kan wani fegi a Kumo,
shekara goma sha tara ba sallama,
ko a zaman makoki kowa da tabarmarsa.

Na taɓa tambayarsa, aska na kan maƙogwaro,
inda mutum ba ya iya ƙarya:
"Wai ina ka aro muryar nan?"
Ya jira na ɗage hannu.
"Ba aro ba ce, Ajuji. Ta babana ce,
da ita aka tashe ni kowace asuba.
Can nake kai ta in sauke, gaban kyamara,
don kada 'ya'yana su san ta."

Sau ɗaya na ga Gatari da rana tsaka.
Wani ɗan acaɓa ya shaƙe yaron rumfata
wai ya fasa masa madubi.
Hammayo ya miƙe, kumfa a rabin haɓa,
ƙyalle a wuya,
bai ce uffan ba. Gira kawai.
Mutumin ya saki kwala, ya tada babur,
ya bar mana silifa wari ɗaya.
Da gogan ya koma kujera, jikinsa kamar mazari,
sai da na aika aka kawo shayi
kafin in iya ƙarasa gemun.

Furfura ta cinye kan, masu shirya fim suka daina aike.
Gira ma ta yi fari, ta yi tsawo.
In na kai almakashi sai ya riƙe ni:
"Rage ta dama. Ta hagun bar ta.
Ita ta yi mini rufin kwano,
ita ta aurar da Dudu."

Bara da damina muka kai shi makwanci.
Bakari ya zo, ya tsaya can baya kamar baƙo,
amma da aka nemi mai shiga ramin
tuni ya naɗe wando.

Yanzu samari ke kallonsa a waya, kan bencina,
su ce, "Baba, wai da gaske mugu ne?"
In karkaɗe ƙyalle, in ce mai layi ya sunkuyar da kai.

Ina bin sa kuɗin aski bakwai.
Suna nan a littafin bashi, ban soke ba.
Ba don ban yafe ba.
Duk garin nan, ban san wata takarda
da aka rubuta Hammayo
ba a bi shi da Gatari ba.