Tankin Baba Talle

Ranar kasuwar Guri, a tsakiyar kogi,
injin ya yi tari, ya sake tari, ya shaƙe.
Mata tara, buhun barkono shida
da wani bunsuru mai wari
duk suka zuba mini ido.
Gaji mai daddawa ce ta fara jan tsaki.

Da gora na tura mu cikin kacalla har gaɓa.
Ilu mai gyaran injin ban-ruwa
ya shinshina tiyo, ya tofar,
ya ce, "Bar zargin fulogi. Ciwon yana tanki."

Na ce a ciro shi.
Ya leƙa ƙarƙashin benci ya yi dariya.
Baba Talle, Allah ya jiƙansa,
ya kama shi da walda, ya bi da ƙusa,
ya shafe gindin da kwalta.
Mai son ciro wannan sai ya fasa jirgin.
"Ba a farke mutum don a wanke masa hanji," in ji Ilu,
"maganin ma ta baki yake shiga ciki."

Muka ja jirgin kan yashi,
muka tokare gefe guda da kututture
don dauɗa ta gangara kusurwa ɗaya.
Ilu ya kori mai sigari,
ya sa aka kashe wutar masu banda,
ko fitilar waya bai yarda ba.
Madubin Gaji ya ara,
ya tsinko rana ya jefa ta ƙaramin baki.

Ni na zuƙi tiyo.
Ɗacin ya kwana uku a maƙogwarona.
Abin da ya fito muka tara a kwalba:
fetur a sama, ja kamar shayi,
ruwa kwance a ƙasa ba kunya,
ƙarƙashinsa laka da garin tsatsa,
damina ashirin sun kwanta baƙi.

Lita biyu mai kyau muka zuba,
yara suka kama jirgin suna jijjigawa,
suna ihu kamar sun sami biki.
Muka zuƙe. Muka sake.
Muka tace da tsohon ɗankwali.
Maganaɗisun rediyo a bakin zare
ya shiga tsirara, ya fito da gemu.
Sai waya da tsumma, lungu-lungu,
hannu ba ya shiga, haƙuri ke aiki.

Can wayar ta ci karo da wani abu.
Ilu ya karkata kai, ya lallaɓa, ya jawo.
Ɗan tsinken gora, kamu ɗaya,
ya yi baƙi ƙirin, da tsaga huɗu a jiki.

Na san shi.
Ma'aunin Baba ne.
Tsaga ɗaya, a je Guri a dawo.
Biyu, har da kewayen fadama.
Ta huɗu ban taɓa ganin mai ya kai ta ba.
Ina ɗan shekara tara ya suɓuce mini,
na ji ƙaramin sautinsa a duhu,
na ce da Baba kogi ya tafi da shi.
Bai dake ni ba. Ya dube ni, ya dubi bakin tankin,
ya sassaƙa wani, ya ci gaba da tuƙi.

Ilu ya ce, "Wannan ma ya isa ya toshe hanya.
Wa ya jefa?"
Na ce, "Wani yaro."
Muka bar murfin a buɗe har la'asar ta yi sanyi.
Ja ɗaya, ja biyu, injin ya ɗauka,
muryarsa tas, ba tari, ba hayaƙi.

Gaji ta karɓi madubinta tana mita
wai kasuwa ta watse, daddawa ta yi kwantai.
Tsinken yana aljihuna.
Har yanzu in na shiga ɗaki
matata takan ce ina warin tanki.