Kuɗin da Ba Ya Sayen Ko Ƙaya

A Marseille, hawa na huɗu, gidan da ke kallon tashar jiragen ruwa,
Odile Ferrandi ta farka ƙarfe uku na dare
da ɗigo uku jere a damtsenta,
kamar tela ya fara ɗinki ya fasa.

Ta ce sauro ne. Amma ana tsakiyar Janairu,
sauro ya daɗe da yin sallama.
Ta ɗaga katifa, ta bi ɗinkinta da tocila:
ga su nan, jajaye, shafaffu kamar ƙwayar tuffa,
ga kashinsu baƙi kamar an yarfa tawada.

Kuɗin cizo.
Shekara arba'in tana sayar da kifi a bakin teku,
ba ta taɓa tara kuɗi haka ba,
kuma ba ya sayen ko ƙaya.

Ta san ta inda suka shigo:
jar kujerar nan da ta tsinta a ƙofar gida,
ta ce banza ta faɗi,
ta sa jikanta ya hau da ita a ka.

Kunya ta ɗinke mata baki mako biyu.
Ita da ke goge daɓe har ya nuna mata fuskarta?
Ta koma riga mai dogon hannu,
ta daina kiran kowa shan gahawa.

Sai ran Talata, a kan matakala,
ta tarar da Gaspard, tsohon mai gyaran agogo na hawa na uku,
yana sosa wuya yana kallon sama
kamar hannun ba nasa ba.
Ta ce, "Kai ma?"
Ya ce, "Tun kafin Kirsimeti."
Ta ce, "Ni kujera ta jawo mini."
Ya yi shiru. "Ja? Mai ƙunar sigari a hannun hagu?
Ni na fitar da ita, cikin dare, don kada a gani."

Ta dube shi har agogon aljihunsa ya ji kunya.
Sannan dariya ta kama su, suna yi suna susa.

Ƙofa goma sha ɗaya suka ƙwanƙwasa.
Bakwai suka amsa laifi, biyu suka yi ƙarya,
ɗaya ta fashe da kuka.
Ɗayan ba ya gari.

Aka ɗaure zannuwa a leda, aka kai su ruwa mai ƙuna,
abin da ba ya son ruwa, takalma da littattafan Gaspard,
suka kwana biyar a firizar kifi.
Aka yi karo-karo aka ɗauko injin tururi,
ana bin ɗinki da lungu a hankali,
kamar mai lallashin yaro ya fito daga ƙarƙashin gado.
Aka toshe tsagar bango.
Aka raba gado da bango kamar masu gaba,
kowace ƙafa aka zaunar da ita cikin kofi mai santsi.

Bayan mako biyu aka sake, daga farko,
don ƙwai ba ya jin gargaɗin fari.

Kujerar kuwa, Odile ta sauko da ita tsakar rana.
Ta yanka ta da wuƙar kifi, ta rubuta da jan fenti:
KADA KA ƊAUKA, AKWAI MASU ITA.
Gaspard ne ya riƙe gwangwanin.

Yanzu Afrilu. Zaninta fari fes, babu ɗigo.
Amma har yau takan farka ƙarfe uku,
ta haska ɗinkin katifa, ba kowa,
ta ji wani jirgi yana kuka can cikin ruwa,
ta ɗan sosa damtsen, don sabo,
ta koma barci.