Ashirin Ba Ɗaya

A Karachi na girma, da Urdu a bakina,
ƙirgata ta boko ce, ta allo da alli.
Hutun sanyi aka kai ni Sargodha,
gonar lemon kakata Barkate,
inda reshe ke rusunawa don nauyin 'ya'ya.

Ta ce, "Zauna. Bakin nan ya cika birni."
Ta jawo kwando tsakanin ƙafafunta.
"Ik," ta ɗora lemo a tafina.
"Do. Tin. Car."
Na huɗun ya gangara ƙarƙashin bauna,
ta yi dariya har haƙorinta guda ya leƙo.

"Panj," ta ce, ta ware mini yatsu.
"Koguna biyar suka raɗa wa Punjab suna.
Wanda bai iya panj ba
bai san ƙasar da yake takawa ba."

Kwana uku ina tuntuɓe tsakanin sat da at,
harshe ya ƙi naɗuwa yadda take so.
Kawu Manzur na lodin mota yana tsokana:
"Ɗan birni, aku ma ya fi ka!"
Ita kuwa ba ruwanta da ɗari.
Ashirin-ashirin take tarawa, wi bisa wi,
shekarunta ma haka: wi huɗu da 'yan kai.

Ran da muka wuce sha takwas
hannunta ya tsaya cikin kwando.
"Unni," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.
"Ashirin ba ɗaya.
Lamba ce mai yawo da giɓinta.

Mu ashirin muka baro Jalandhar a keken shanu,
shekarar da aka tsaga ƙasa kamar yadi.
A bakin kogin Biyas baba ya ƙirga kawuna: wi.
A Wagah ya sake.
Sau uku yana taɓa mu da yatsa.
Unni. Unni. Unni.
Wana Ditta ne, mai tabo a haɓa.
Ya sauka da buta neman ruwa."

Ban san abin cewa ba.
Na ɗauko lemo na gaba, na ce, "Wi."
Ta karɓa, ta goge shi da gefen mayafi,
ta aje shi kan katangar rijiya.
"Wannan ba na kasuwa ba ne."

Yanzu matakalar gidanmu nake ƙirgawa,
ik, do, tin, da jaka a kafaɗa.
In na zo unni sai ƙafata ta dakata,
ko akwai mai tahowa a baya.