Ɗaki Na Shida, Hawa Na Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ina hawan matakalar nan,
bene bakwai a Garki, daura da gidan mai.
Ƙarfe tara na dare, tocila a hannu,
makullai a ƙugu suna kacau-kacau.
Makunni ɗari da arba'in da biyu, na ƙirga,
na san su yadda harshe ya san haƙora:
mai ƙara, da wanda sai an lallasa,
da na banɗakin hawa na uku
mai ɗan cizo in hannu da laima.

Sai ga Injiniya Ladidi wata Talata
da kwalaye da tsani da samari biyu.
Ba su fasa bango ba, ba su ja waya ba.
'Yan akwatuna suka maƙala a silin,
ƙanana kamar gidan zanzaro.
Ta ce, Baba Jatau, gwiwarka ta huta.
Ta miƙo allon gilashi, ta ce taɓa nan.
Na taɓa.
Hawa na biyar ya runtse ido gaba ɗaya.
Na ce a'uzubillahi! Samarin har da riƙe ciki.

Na ce to ta ina saƙon ya bi?
Ta ce ta iska.
Wannan ya raɗa wa wancan, wancan ya raɗa wa na gaba,
har magana ta iske ƙwan ƙarshe.
Na ce ashe gulma suke yi a saman kanmu.

Ba zan ci amanar abin ba, yana aiki.
Rana ta leƙo ta taga, fitilu su yi ƙasa da murya.
Ɗaki ya zama wayam, su kwanta da kansu.
Janareta ya rage haɗama,
mai gini ya daina zagin takardar kuɗin wuta,
har goron sallah ya ƙara mini bana.

Amma akwai Bitrus akawu,
ɗaki na shida, hawa na huɗu.
Tun da matarsa ta rasu cikin damina
ba ya son komawa Kubwa da wuri,
wai gidan ya yi masa faɗi.
Sai ya rufe littafi, ya zauna,
ba uhum ba a'a, kamar an dasa shi.
Da can ni ke ƙwanƙwasawa,
in ce sannu da aiki, ya ce sannu da hawa,
in bar masa fitilarsa in wuce.

Akwatin silin kuwa motsi yake nema.
Minti goma babu motsi, ya yanke hukunci: ba kowa.
Ɗif.
Sai Bitrus ya ɗaga hannu cikin duhu
yana kaɗawa kamar mai sallama a tasha,
wuta ta dawo.
Ni ina ɗakin gadi ina kallon ɗigon a allo,
rawaya, toka, rawaya, toka,
mutum yana rantse wa rufi cewa yana nan.

Dare uku na kalla. Na huɗu na kira Ladidi.
Na ce 'yata, yaya ake ce masa ya ƙyale ɗaki guda?
Ta yi shiru kaɗan, ta ce danna ka riƙe,
ka ƙirga uku.

Yanzu ƙarfe tara na yi in shafa allo,
bene bakwai ya yi barci a numfashi ɗaya,
sai taga guda.
Masu wucewa ta titi za su ce mantuwa ce.

In ɗauki fulas da kofi biyu.
Lif na nan, ban yarda da ita da dare ba.
Gwiwa ta ce, ba an ce na huta ba?
In ce yi haƙuri, hawa huɗu ne kawai,
kuma shayin na hucewa.