Rigar Wani a Jikin Cindo

Ran Asabar nake zuwa.
In sauka a tashar Ƙaura Namoda,
in bi gefen tsohon layin dogo
da ƙunshin hoce a bakin mayafi.
Katangar mai ruwan ƙwai ce,
allon ƙofa ya ce Gidan Kula da Masu Jinkirin Fahimta,
harafi biyu sun kankare, ba wanda ya mayar.

Cindo ƙanena ne, shekararsa talatin da ɗaya.
Bai san canjin ɗari biyar ba,
amma ya san kukan kowace akuya a Kuryar Madaro,
yakan san mai shirin haihuwa tun mai ita bai sani ba.
Yau na same shi a kan benci
cikin rigar wani,
hannunta ya haɗiye yatsansa na shida.
Tasa, wadda na ɗinka wa sunansa da jan zare,
tana jikin wani dattijo mai kallon bango.

Malama Tasalla ta buɗo littafi:
ya ci, ya yi wanka, ya sha magani, ya kwanta.
Kwana talatin, layi talatin,
ko ɗigo bai sauya wuri ba.
Na ce, maganin mene ne?
Ta ce na barci,
mutum ɗaya ke kwana kan mutum ashirin da bakwai.
Na ce, ya yi dariya kuwa?
Ta dubi littafin, ta dube ni.
Ba a ja wa wannan layi ba.

Ba zan ci haƙƙinta ba.
Ɗaki a share yake, an shanya zannuwa,
babu mari a ƙafar kowa
kamar can inda muka fara kai shi,
inda ya dawo da tabo kamar munduwa.

Amma da akwai Baba Anaruwa mai girki.
Shi ya gano Cindo ba ya kai loma
sai wani ya zauna kusa ya ce, bismilla Cindo.
Shi ya kawo masa kaza mai wake-wake,
ya ce, riƙe, taka ce.
Wata biyar ba albashi,
Baba ya ɗauki wuƙarsa ya koma sayar da rake.
Kazar ta kai ranar da baƙi suka zo daga Gusau.
An shimfiɗa fararen zannuwa,
an yi miya mai nama,
an ɗauki hoto.
Ga shi can a ofis, Cindo na biyu daga hagu,
an ce ya buɗe haƙora ya buɗe.

Na taho da magana tana tafasa a baki.
Sai na tuna wa ya riƙo hannunsa ya shigo ƙofar nan.
Ni ce.
Bayan rasuwar Inna,
ɗaki ɗaya, yara huɗu,
hanyar ƙauye ba ta biyuwa bayan la'asar.
Na haɗiye. Ta ƙona ni har ciki.

Na kwance hocen.
Wanda aka ce bai iya lissafi ba
ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gutsura wa kowa,
bai tsallake dattijon mai rigarsa ba.
Ɗan ɓarɓashin da ya rage
ya zuba a aljihu.
Na san ko na wace ce. Ban ce komai ba.

A bakin ƙofa ya kama mayafina:
Yaya, akuyar Tumba ta haihu?
Na ce, tagwaye, yadda ka faɗa.
Ya tuntsire har ya dafa katanga,
har mai gadi ya leƙo.

Na koma ciki.
Malama, ara mini bironki.
A ƙasan ya kwanta, can gefe inda ba layi,
na rubuta da hannuna mai rawa:
Asabar, ƙarfe huɗu da kwata, ya yi dariya.
Ta karanta, ba ta goge ba.
Ta ce, mako mai zuwa ki zo da jan zaren.